Jirgin Maigidana da Tsadar Farfela

Shekarun da zinari ya buɗe a ƙasar Anka da Bukkuyum, maza sun sayi abubuwan da su kansu ba su san me za su yi da su ba. Na san wanda ya sayo firij ya kai ƙauyen da ba a taɓa kafa turken wuta ba, matarsa ta riƙa jera kwanoni a ciki. Maigidana shi jirgi ya saya.

Shi ba haƙa yake yi ba. Kabu-kabu yake yi da mashin, yana ɗauko buhunan dutse daga bakin ramuka ya kai inda ake niƙa. Ni kuma ina koyarwa a wata firamare cikin Bukkuyum. Muna zaune da mahaifiyarsa, wadda kowa a gidan ke kira Inna, da 'ya'yanmu mata biyu, ƙanana a lokacin.

Wata rana da la'asar ya shigo da kwali ɗaure a bayan mashin, fuskarsa duk fara'a. Ya buɗe a tsakar gida. Jirgi ne mai saukar ungulu, na wasa, ja da fari, tsawonsa kamar daga kafaɗa zuwa yatsu, da rimot mai 'yan sanduna biyu da ake murzawa da babban yatsa. Ya ce a Anka ya gan shi wurin wani mai sayen zinari da ya zo daga Kano, mutumin ya tashe shi a gaban jama'a, shi kuwa ya kasa ɗauke ido.

Na ce, "Nawa ka saye shi?"

Ya sosa ƙeya. "Kuɗin rago na, Malama." Haka yake kirana saboda aikina.

"Wane irin rago?"

"Na layya. Wanda anka yi ma kiwo."

Na juya na koma bakin murhu. Ya ajiye jirgin a ƙasa, ya ja da baya, ya murza. Abin ya yi ƙugi, ya tashi sama da sauri, ya karkace, ya tafi ya daki jikin rumbu. Kaji suka watse. Farfela ɗaya ta karye, guntun ya faɗo kusa da tabarmar Inna. Ta ɗauka ta juya shi, ta miƙa masa.

Ta ce, "To, an yanka ragon ke nan."

Ya mayar da jirgin kwalinsa ya ɗora a saman durowa. A lokacin kuɗi na shigowa, aiki ya yi masa yawa, ya manta da shi. Ni ban manta ba. Duk ranar da nake shara na ɗaga kai na ga kwalin sai raina ya sosu.

Da damina ta biyu bayan haka ya yi haɗari. Yana dawowa ta hanyar Nasarawa Burkullu da buhu biyu a baya, ƙasa ta jiƙe ta yi santsi, mashin ya kwashe shi, buhunan suka danne masa ƙafar dama. Cinya ta karye, gwiwa ma ta taɓu. Aka fara kai shi wurin mai ɗori, daga baya asibiti a Gummi. Mashin ɗin da ya rage aka sayar aka yi magani. Ƙashi ya haɗe, amma ƙafar ta gajarce, gwiwar kuma ta ƙi lanƙwasuwa. Kabu-kabu dai ya ƙare.

Ciwon ƙafar bai ba ni tsoro ba kamar shirun da ya biyo baya. Mutumin da ko abinci a tsaye yake ci, ya koma kwance yana kallon bango. Abokan aikinsa suka yi ta zuwa da farko, sannu a hankali suka ragu, don kowa na da bakin da yake ciyarwa. An sassaƙa masa sanda mai kyau, ya ƙi fita da ita. Masallacin da ke ƙofar gida ma ya ce a ɗaki zai yi sallarsa. Na gane kunya yake ji a gan shi yana ɗingishi a titin da a da yake wucewa kamar iska. Inna takan zauna a bakin ƙofarsa tana tsince wake tana yi masa labarin mutanen gari, shi kuwa daga "to" sai "uhm".

Ran nan na dawo daga makaranta na tarar da kwalin a ƙasa. Da sandarsa ya zaƙulo shi. Ya shimfiɗa jirgin da tarkacensa a kan tabarma, yana goge ƙura da gefen riga. Bai ɗago ya dube ni ba ya ce, "In kin shiga Gummi karɓar albashi, ki tambaya min farfela."

Wata da watanni ke nan bai roƙi komai ba, ko ruwan sha sai an kai masa. Na ce to.

Na ƙulle karyayyar farfelar a hankici na shiga kasuwar Gummi da ita. Ban ma san wa zan tambaya ba. Mai sayar da fanka ya ce ba tasa ba ce. Mai kayan wasan yara ya ce shi motocin roba da 'yan tsana kawai yake kawowa. Mai kayan waya ya juya ta ya ce ko cokalin shan magani ne. A ƙarshe aka nuna min wani dattijo mai sayar da rediyo da tocila, wanda ke zuwa Kano saro kaya. Ya duba ta da kyau, ya ce ya taɓa ganin irin jiragen a can, amma kowane da irin farfelarsa, in ba a dace ba an yi asara. Ya karɓi guntun ya ce zai nema.

Da ya kira ni daga Kano ya faɗi kuɗin, sai da na ce ya maimaita. 'Yan robobi biyu da iska za ta iya ɗauka, kuɗinsu ya kai na turmin atamfa mai kyau, ban da ladan direban da zai kawo. Na tsaya da waya a kunne ina tunanin masara da ta kusa ƙarewa a gida. Sannan na tuna yadda na same shi zaune, ba kwance ba, yana goge ƙura. Na ce dattijon ya sayo.

Ba su yi mako ba suka karye.

Daga nan na fara sanin cewa ranar da aka sayi irin wannan jirgi ba a gama biyan kuɗinsa ba, farawa aka yi. Bayan farfela ta biyu sai wani ɗan faifan roba mai haƙora da ke juya farfelar ya cinye. Shi ma sai Kano. Aka kawo wanda bai yi daidai ba, aka mayar, aka sake jira. Yana zuwa sai batir ya kumbura kamar fanke, ya daina riƙe caji, shi kuwa batirin kuɗinsa ya kai na 'yar akuya. Cajin kansa ba kyauta ba ne, sai an kai wurin mai janareto da ke cajin waya. Babu abin da ake samu kusa. Kowane ɗan ƙarfe sai ya hau mota daga Kano zuwa Gummi, daga Gummi zuwa Bukkuyum, yana tafe kuɗinsa na ƙaruwa. Duk wannan a kan albashin malamar firamare, wanda wani watan sai ya ga dama yake zuwa.

Inna ba ta ɓoye ra'ayinta ba. Ɗanta na fari ne, ba ta kiran sunansa, sai dai "kai" ko "wancan". Ta ce da ni, "Wancan hankali nai ya koma na yara. Magidanci da ɗiya biyu shina wasa da tsuntsun roba. Ke ko kina biye mai."

Ranar da farfela ta sake karyewa, ina cikin auna garin tuwo ina ragewa don ya kai mu ƙarshen wata. Na fito na ce masa, "Malam, jirgin nan ya fi 'ya'yanka ci."

Na zaci zai yi fushi, ko ya koma ɗaki ya juya wa duniya baya. Sai ya daɗe yana kallon guntayen a hannunsa, sannan ya ce, "Gaskiya kika hwaɗi. Ki sai min guda ta ƙarshe. In na karya ta, na haƙura."

Na saya. Wannan karon bai yi garaje ba. Ya samo karan dawa biyu ya ɗaure su a gicciye a ƙarƙashin jirgin, ya soka ƙwallon goriba a kowane baki, yadda in jirgin ya karkace kara ne zai fara taɓa ƙasa, ba farfela ba. Ya daina neman sama. Sai ya ɗaga shi kamar taƙi ɗaya daga ƙasa, ya riƙe shi nan yana rawa, ya sauke. Gobe ma haka. Kallonsa ba daɗi, amma ba abin da ya karye.

Sai ya fara ƙorafin tsakar gida ta yi masa kaɗan. Ya ce iskar farfela na dukan bango tana dawowa tana ture jirgin, ga igiyar shanya, ga yara. Wata safiya, bayan mutane sun tafi gona, ya ɗauki sandarsa ya fita ƙofar gida, ni na bi shi da kwali da kujera 'yar tsugunno. Bayan kwanaki ƙofar gida ma ta yi kaɗan, saboda awaki da masu wucewa. Ya koma filin makarantarmu in an tashi. Daga baya ya ce filin idi ya fi, can bayan gari, babu itace kusa.

Inna ce ta fara lura. Muna daka ta tsayar da taɓarya ta ce, "Ke, kin ga har ina wancan ka zuwa da ƙahwa tai?"

Sai a lokacin na auna nisan filin idi daga gidanmu. Mutumin da ya ƙi taka masallacin ƙofar gida ne ke zuwa can ya dawo, yana tsayawa a hanya ana gaisawa. Da batir na biyu ya fara rauni, Inna ta sayar da zakarunta ta kira ni ɗaki ta damƙa min kuɗin. Ta ce, "Ba don tsuntsun ba. Kuma kar ki ce ni na ba da."

Ya iya tuƙi sosai kafin kaka. Ya cire karan, jirgin ya riƙa zagaya fili yana dawowa ya sauka a gabansa. Mutane suka riƙa taruwa da yamma, manya ma, wasu su yi kamar wucewa suke yi. Har wani manomin shinkafa da tsuntsayen jan baki suka addaba ya zo ya roƙe shi ya je ya kore masa su. Aka ɗauke shi a mashin zuwa fadama. Ya ba ni labari yana dariya, ya ce da jirgin ya tashi tsuntsayen suka watse gaba ɗaya kamar sun ga shaho, manomin har yana cewa ya huta da gwangwani da majajjawa. Kafin a shanye kofin shayi batir ya ƙare. Tsuntsayen suka jira kaɗan a kan itace suka dawo. Manomin ya tambayi kuɗin batir, ya lissafa nawa zai buƙata daga safe zuwa yamma, ya ce gwangwaninsa ya fi masa sauƙi. Duk da haka ya aiko mana da shinkafa da ya yi girbi.

Ana cikin haka ɗan injin da ke cikin jirgin ya ƙone. Ya ce yana sama ya ji ƙarar ta sauya, ya yi maza ya sauke, sai warin ƙonewa. Dattijon Gummi ya tambayo a Kano. Kuɗin injin ya kusa rabin na jirgin gaba ɗaya. A lokacin albashi ya maƙale, ban ma tsaya dogon tunani ba, shi ma bai roƙa ba. Na ji tsoron kada ya koma ɗaki.

Dattijon ya ce wataƙila waya ce ta saki a ciki, a gwada liƙewa. Ya aiko da ƙarfen liƙi irin wanda ake ɗorawa a kan garwashi, da wata matacciyar rediyo don maigidana ya koyi hannu a kanta, da wani siririn abu mai taushi naɗe kamar zare. Na ga maigidana ya hura kurfoti a tsakar gida, ƙaramar 'yarmu na wasa a ƙasa kusa da shi. Na ɗauki naɗin na ce mene ne wannan.

Ya ce, "Dalma ce. Da ita aka liƙi."

Duk wanda ya zauna ƙasarmu a waɗannan shekaru ya san abin da kalmar nan take yi wa zuciyar uwa. Ba a daɗe ba da gubar dalma ta fito daga dutsen zinari ta kashe yara a Yargalma da wasu ƙauyuka. Ɗiyar ƙanwar mahaifiyata tana aure can, ta rasa ɗanta, na je gaisuwa na ga yadda aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka kwashe. Na ɗauke 'yar tamu na saɓa ta a kafaɗa.

Na ce, "Ba a gidan nan ba."

Ya ce 'yar kaɗan ce, masu gyaran rediyo shekara da shekaru suna aiki da ita. Na ce ni ban san kaɗan ko da yawa ba, abin da na sani 'ya'yana a ƙasan nan suke zama su ci abinci. Inna ta fito ta tsaya a bayana, ta ce, "Kai, ɗauki wutarka ka hita." Mun yi sharaɗi a ranar: aikin dalma a waje, rigar aiki ta tsaya a zaure, kuma ba zai taɓa yaro ko kwano ba sai ya wanke hannu da sabulu.

Haka ya kwashi kurfotinsa ya koma gindin dogon yaro a bakin hanya. Injin bai tashi ba, ya ƙone har ciki. Amma ya zauna nan yana ta cirewa da mayar da wayoyin tsohuwar rediyon, don ya riga ya saba da fita. Mutum kuwa in ya zauna a bakin hanya da ƙarfen liƙi, sai an kawo masa aiki. Wani ya kawo tocila. Wani Bafulatani daga wajen Gwashi ya kawo rediyonsa da saniya ta taka. Mata suka riƙa aiko da fitilun caji da suka daina kamawa. Yakan gaya musu tun farko cewa koyo yake yi, in abu ya mutu a hannunsa kar a ga laifinsa. Wasu sun mutu ɗin. Akwai wani tsohon mai gyaran rediyo a garin da idonsa ya yi rauni ya bar aiki, sai ya riƙa zuwa hira gindin itacen. Maigidana ya faɗa masa abin da yake gani, tsohon ya faɗa masa inda zai taɓa. Da haka hannunsa ya faɗa.

Daga tabarma ya koma tebur, daga tebur aka kafa rumfa. Ranar da ya fara shigowa da cefane a hannu, ɗan nama da albasa da manja, sai ya ajiye kusa da murhu ya wuce wanke hannu. Ni kuma na jawo naman na fara wankewa.

Jirgin ya fi shekara a kwali. Sai wata rana bayan girbi ya ce min ya tara kuɗin inji, ya faɗi nawa ne, yana kallona.

Na ce, "Akwai hatsi a rumbu, yara na da takalma. Guminka ne."

Injin ya zo, ya ɗaura shi da kansa. Na bi shi filin idi ranar da zai gwada, na tsaya daga gefe da yaran. A da a zaune yake tuƙi. Ranar sai ya miƙe, da yake rimot hannu biyu yake so, ya jingina sandar a jikin kujera. Ya tsaya a karkace, nauyinsa a kan ƙafar hagu, kansa a sama. Jirgin ya hau har ya wuce tsayin kukar da ke bakin fili, ya yi zagaye ya dawo. Bai tuna da sandar ba sai da ya zo tafiya.

Daga baya zaman yankinmu ya yi wuya, hanyoyi suka daina aminci, muka nemi canjin wurin aiki muka koma Gummi. Ya kama ɗan shago a jerin na dattijon nan mai rediyo, wanda har yanzu shi ke sayo masa kaya. Ya rage tashin jirgin, don mutane sun zama in sun ji ƙugi a sama sai gabansu ya faɗi. In zai tashe shi sai ya gaya wa mai unguwa, kuma a filin makaranta kawai, da rana. Ƙananan jirage masu araha sun fara shigowa kasuwa lokacin salla, bayan salla kuwa iyaye su yi ta kawo masa su a karye. Wanda zai gyaru ya gyara. Wanda ya zo neman shawara kafin ya saya, yakan ce masa ya fara tambayar kuɗin farfela da batir, da inda ake samunsu, kafin ya tambayi kuɗin jirgin.

Ni sau ɗaya na taɓa tuƙa shi. Wata Asabar ce, fili ba kowa sai mu, ya sake ɗaura masa karan dawa da goriba ya miƙo min rimot. Na ce a'a, ya ce ai ni na fi kowa haƙƙi a kansa. Na murza a hankali. Abin ya yi ƙugi, ya ɗaga kaɗan daga ƙasa, ya fara zamewa hagu. Ba abin da nake gani sai kuɗin farfela. Na yi maza na sauke shi, ya dira a kan karansa lafiya.

Ya ce, "Kin iya sauka, Malama. Shi ne mai wuyar."

Na miƙa masa abinsa na ce ya isa haka. Muka tattara muka nufi gida, yana ɗingishi a gaba da kwali a hammata, yana gaya min yana son ya fara koyon gyaran waya kafin damina.